Filin Tambaya da Amsa: Atisayen Pilates da Ciwon Baya da na Gaɓoɓi

A wannan fitowa mun tattara wasiƙun da suka zo mana a kan ciwon baya da na gaɓoɓi, musamman waɗanda suka ambaci atisayen Pilates, wanda sunansa ya fara yawo a bakin mutane. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni tela ne, shekarata 41, kuma na shafe fiye da shekara 20 a kan keken ɗinki. Kimanin shekara 2 ke nan ina fama da ciwon ƙugu, yana tsananta idan na daɗe a zaune, musamman gab da salla lokacin da muke kwana muna ɗinki. Na je asibiti an yi mini hoto, likita ya ce bai ga wani abin tsoro ba, ya ce in riƙa motsa jiki, har ya ambaci wani abu wai shi Pilates. Ni kuwa a ganina wanda bayansa ke ciwo hutu ne ya kamace shi. Mene ne wannan Pilates, kuma da gaske yana magani? Daga wani tela a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ka lafiya. Da maganar hutun zan fara, domin ita ce ta fi cutar da masu ciwon baya a cikin mutanenmu. A da can likitoci da kansu sukan umarci mai ciwon baya ya kwanta na kwanaki, har bincike ya zo ya nuna cewa doguwar kwanciya tana raunana tsokoki, tana sa gaɓoɓi su sandare, kuma wanda ya ci gaba da harkokinsa daidai gwargwadon iyawarsa ya fi saurin samun sauƙi a kan wanda ya lizimci katifa. Kai kuwa ka riga ka daɗe a wuri ɗaya, a sunkuye, kana taka keke daga safe har dare, don haka abin da bayanka ya rasa shi ne motsi iri-iri da ƙarfin da zai jure wannan zama.

Ka sani kuma ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a faɗin duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki. A cikin kowane mutum 10 masu wannan ciwo, kimanin 9 ba a iya nuna wata cuta takamaimai a ce ga ta, ita ce sanadi. Saboda haka da likitanka ya ce bai ga abin tsoro ba, ba yana nufin ciwon naka ƙarya ba ne. Yana nufin babu karaya, babu ƙari, babu ƙwayar cuta a ƙashi, kuma wannan albishir ne, domin irin wannan ciwon shi ne wanda motsa jiki ya fi yi wa amfani.

Shi kuwa Pilates sunan mutum ne. Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a 1883, ya koma Ingila a 1912 yana wasan dambe da wasannin motsa jiki. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, gwamnatin Birtaniya ta tsare Jamusawan da ke ƙasarta, shi ma aka kai shi sansanin da ke tsibirin Man, kuma a can ne ya riƙa koya wa 'yan uwansa tsararru atisayen da ba ya bukatar fili mai faɗi ko kayan aiki. A 1926 ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi da matarsa Clara suka buɗe wurin horo a birnin New York, inda masu rawar dandamali da suka ji rauni suka zama manyan masu zuwa wurinsa. Shi da kansa Contrology yake kiran tsarin, ma'ana ilimin sarrafa jiki, kuma a littafin da ya fitar a 1945 ya jera atisaye 34 waɗanda ake yi a ƙasa, a kan shimfiɗa. Ya rasu a 1967, almajiransa suka ci gaba da koyarwa, daga baya kuma likitocin fisiyo, wato masu yi wa marasa lafiya magani ta hanyar motsa jiki da gashi, suka ɗauki tsarin suka sassauta shi domin ya dace da marasa lafiya. Wannan sassautaccen shi ne wanda ya shafe ka.

Abin da ya bambanta shi da gudu ko ɗaga ƙarfe shi ne ana yin kowane motsi a hankali, da lura, tare da numfashi, kuma ana mayar da hankali ga tsokokin tsakiyar jiki. Ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne, ɗaya a kan ɗaya, da faifai mai taushi a tsakanin kowane biyu, kuma ba za su iya ɗaukar nauyin gangar jiki su kaɗai ba sai da taimakon tsokokin da suka kewaye su. Akwai tsokar ciki ta can ƙasa wadda ta zagaye ciki kamar ɗamara, akwai ƙananan tsokoki da ke manne da ƙashin baya, akwai tantanin numfashi daga sama, sai tsokokin ƙasan mara daga ƙasa. A 1996 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, sun nuna cewa a jikin masu ciwon ƙugu wannan tsoka mai kama da ɗamara tana jinkirin ɗaurewa idan mutum ya ɗaga hannu, alhali a jikin masu lafiya tana riga hannun motsawa. Wannan bincike yana daga cikin abin da ya sa likitocin fisiyo suka karkata ga atisaye irin na Pilates.

Game da ko yana magani, zan gaya maka iyakar abin da aka tabbatar. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta duba gwaji 10 da aka yi a kan mutum 510 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ta samu cewa Pilates ya fi zama haka nan ba a yin komai, wajen rage zafi da kuma sauƙaƙa wa mutum ayyukansa na yau da kullum, amma ba ta samu tabbatacciyar hujjar cewa ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. A watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu, ta sanya motsa jiki mai tsari cikin abubuwan da za a yi wa mara lafiya, ta kuma hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna masu ƙarfi dangin tiramadol. A nawa ganin, falalar Pilates ga mutum irinka ita ce ba ya cin kuɗi, ba ya bukatar fili, ana farawa daga kwance inda baya ba ya ɗauke da nauyi, kuma yana cire wa mai ciwo tsoron motsi, wanda sau da yawa shi ne ke riƙe mutum a cikin ciwo tsawon shekaru.

Ga yadda za ka fara. Ka shimfiɗa bargo a kan tabarma, ka kwanta rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ka ɗora hannuwa a gefen haƙarƙari, ka shaƙi iska ta hanci har ka ji haƙarƙarin na buɗewa, sannan ka fitar da ita ta baki a hankali kana ɗan jan mararka ciki, kamar mai son ɗaure tazuge, ba tare da ka riƙe numfashi ba. Idan ka saba da wannan, sai ka riƙa danna ƙugunka ga ƙasa yayin fitar da iska, ka sake shi yayin shaƙa, kamar sau 8 zuwa 10. Daga nan sai ka ɗaga ɗuwawu sama sannu a hankali har cinya da ciki su miƙe, ka ɗan tsaya, ka sauko kana ajiye ƙashin bayanka gaɓa bayan gaɓa. Bayan haka ka juya ka tsaya a kan hannuwa da gwiwoyi kamar mai rarrafe, ka gantsare bayan sama, ka sauke shi ƙasa, sau da dama. Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne daga wannan tsayuwar ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ba tare da ƙugunka ya karkata ba, kamar an ɗora maka kwanon ruwa a gadon baya, sannan ka sauya. Dukkan wannan bai wuce minti 20 ba, kuma sau 3 a mako ya isa a farko.

Ɗan ciwon tsoka bayan atisaye ba abin damuwa ba ne matuƙar ya lafa kafin washegari. Idan kuwa zafin ya riƙa sauka ƙafa, ko ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, to ka rage ko ka dakata har likitan fisiyo ya duba yadda kake yi. Ka ba abin mako 6 zuwa 8 kafin ka yanke masa hukunci. Kuma minti 20 ba za su goge awa 12 na zama ba, don haka duk bayan rabin awa ka tashi daga kan keke, ko da guga za ka je ka yi, ko yanka a tsaye.

Akwai alamomin da idan suka bayyana ba a maganar atisaye, asibiti ake nufa a ranar: kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, zazzaɓi ko rama ba dalili, ciwon da ke tashin mutum cikin dare kuma ba ya lafawa da sauya kwanciya, ko ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari. Ina jaddada maganar zazzaɓi da rama saboda tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma cutar tana nan da yawa a ƙasarmu. Wanda ke da irin wannan ya ɓata watanni yana atisaye ko yana zuwa wurin mai ɗori, yana iya wayar gari ƙafafunsa sun shanye.

Tambaya: Malam, wata ƙawata ta ce Pilates da yoga duk abu ɗaya ne, kuma akwai bautar wasu mutane a ciki. Ina son in fara saboda ciwon wuya da kafaɗa, amma wannan magana ta tsaya mini a rai. Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, kin kyauta da kika tambaya kafin ki fara. Asalin abubuwan biyu ya bambanta. Yoga daga Indiya ta fito, ta daɗe ƙwarai, kuma tushenta yana haɗe da addinai da falsafar mutanen can, ko da yake da yawa a yau suna yin ta a matsayin motsa jiki kawai. Pilates kuwa a ƙarni na 20 wani Bajamushe ya tsara shi domin ƙarfafa jiki, kuma babu wata addu'a, ko kiran wani suna, ko rusuna wa wani abu a cikinsa. Gaskiya ne wasu motsin sun yi kama da juna, kamar yadda miƙar da ɗan ƙwallo ke yi kafin wasa ta yi kama da wadda likitan fisiyo ke koya wa mara lafiya, domin jikin ɗan Adam ɗaya ne kuma hanyoyin lanƙwasa shi ƙidayayyu ne. Wannan shi ne bayanin abin da ke cikinsa, hukunci kuwa na malamai ne, kina iya kai musu wannan bayani idan zuciyarki ba ta natsu ba. Ta fuskar sutura da cuɗanya kuma babu abin da zai tilasta miki fita, domin a ɗakinki za ki iya yi da kayan da kika ga dama, matuƙar ba za su harɗe ki ba. Ga mai ciwon wuya ina ba da shawara ta guji atisayen da ake ɗaga kai daga ƙasa a riƙe shi na tsawon lokaci, ta fara da waɗanda kai ke kan matashi, da na jan allon kafaɗa baya da ƙasa.

Tambaya: Ɗana, ni shekarata 62, gwiwoyina duka biyu suna ciwo, suna ƙara idan na tashi, kuma sujada da zaman tahiya sun zame mini wahala. A asibiti sun ce guringuntsin ne ya zaizaye. Kullum sai na aika an sayo mini maganin haɗi a kemis kafin in samu barci. Jikata ta ce akwai wani motsa jiki da ake yi a kwance. Shin ba zai ƙarasa cinye gwiwar ba? Daga wata Hajiya a Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan tsoro naki kusan kowane mai amosanin gaɓɓai yana da shi, domin ana ɗaukar gwiwa kamar takalmi, wanda yawan takawa ke cinye shi. Amma guringuntsi abu ne mai rai, kuma ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abincinsa, ruwan kuwa ba ya ratsa shi sai gaɓar tana motsi, ana danna ta ana saki. Saboda haka gwiwar da aka daina motsawa tana ƙara sandarewa, tsokar cinya ta rame, nauyin da tsokar ke ɗauka ya koma kan gaɓar. Wannan ne ya sa hukumomin lafiya suka sanya motsa jiki a sahun farko na kula da wannan lalura, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke ɗauke da ita, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Atisaye ba zai mayar da guringuntsin da ya tafi ba, amma yana rage zafi, yana kuma sauƙaƙa tashi da zama da hawa matakala.

Jikarki ta yi gaskiya, yawancin atisayen Pilates a kwance ake yi, kuma idan sauka ƙasa yana yi miki wuya kina iya yi a kan gado mai katifa mai tauri. Ki kwanta rigingine, ki naɗe tawul ki sa a ƙarƙashin gwiwa, ki danna gwiwar a kansa har dunduniya ta ɗan ɗaga, ki ƙirga 5, ki saki. Ki riƙa jan dunduniya a kan shimfiɗa zuwa ɗuwawu kina mayarwa. Ki kwanta a gefe, gwiwoyi a lanƙwashe, ki buɗe ta sama ki rufe ba tare da kwankwasonki ya juya baya ba, domin tsokokin gefen kwankwaso su ne ke hana gwiwa karkacewa ciki lokacin tafiya. Sannan ki zauna a kujera mai ɗan tsawo, ki miƙe tsaye, ki koma a hankali, sau 5 a farko, kina ƙarawa da kaɗan-kaɗan. Duk wanda ake yi a durƙushe a kan gwiwa ki bar shi. Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi a taɓawa, ki huta a ranar, idan kuma da zazzaɓi to a kai ki asibiti.

Akwai abin da ya shafi shekarunki. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana rage ƙwari, kuma ga wadda ƙashinta ya yi rauni sosai, atisayen da ake naɗe baya gaba da ƙarfi, ko a mirgina a kan gadon baya, yana iya murƙushe ƙashin baya. Irin waɗannan suna da yawa a cikin tsarin Pilates na asali, don haka kada jikarki ta buɗe miki kowane bidiyo a waya ta ce ki bi. Idan da hali a fara kai ki sashen fisiyo na babban asibiti, a zaɓar miki abin da ya dace da ke. Idan kuma akwai ƙiba, rage ta na da tasiri fiye da yadda ake zato, domin bincike ya nuna kowane kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku.

Maganin haɗin nan shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Sau da yawa a cikin irin wannan ƙunshi akan haɗa magungunan kashe zafi biyu ko uku masu aiki iri ɗaya, dangin diklofenak da ibuprofen, wani lokaci har da sitiroyid, wato wani magani mai ƙarfi da ke rage kumburi. Shan su kullum yana jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana lalata ƙoda, yana tayar da hawan jini, sitiroyid kuma yana tayar da suga yana ƙara raunana ƙashi. Ki sa a kai wa likita ƙunshin ya ga abin da ke ciki, kuma kada ki yanke shi rana ɗaya kafin ya gani, domin idan akwai sitiroyid a ciki a hankali ake janye shi. Game da salla kuwa, addini ya yi sauƙi, hadisi ya tabbata cewa wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda ba zai iya zama ba ya yi a kishingiɗe, kuma malamin unguwarku zai yi miki bayanin yadda ake yi a kan kujera.

Tambaya: Malam, wata 2 ke nan da haihuwata ta uku, kuma aiki aka yi mini. Bayana yana ciwo idan na yi goyo ko na daɗe ina shayarwa, cikina kuma bai koma ba. Yaushe zan iya fara Pilates? Daga wata maijego a Maraɗi.

Amsa: 'Yar uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Wadda aka yi wa aiki tana jiran dubawar da ake yi bayan mako 6, likita ya tabbatar ɗinkin ya warke, kafin ta fara atisayen ciki, don haka idan ba ki koma an duba ki ba, wannan ne matakin farko. Idan an ba ki izini, ki fara da numfashin da na bayyana wa mai tambaya ta farko, da jan mara a hankali, da matse tsokokin ƙasa kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga 5 ki saki gaba ɗaya. Waɗannan tsokoki sun ɗauki nauyin ciki wata 9 ko da ba ta nan jaririn ya fito ba, kuma ƙarfafa su yana taimaka wa masu ɗigar fitsari idan sun yi tari ko atishawa.

Game da cikin da bai koma ba, akwai abin da ya kamata ki gwada. Tsokokin gaban ciki guda biyu sukan rabu a tsakiya lokacin goyon ciki. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki sa yatsu a saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai. Idan kin ji rami mai faɗin da ya wuce yatsu 2, ko kika ga tsakiyar cikin yana tasowa kamar kunyar gona, to ki guji atisayen tashi zaune daga kwance da na ɗaga ƙafafu biyu a lokaci guda har likitan fisiyo ya gan ki. Ɗaure ciki da zane yana iya ba ki jin daɗi na ɗan lokaci, sai dai ba ya ƙarfafa tsoka. Wajen shayarwa kuma ki jingina bayanki, ki ɗora jaririn a kan matashi ya taso zuwa gare ki, maimakon ke ki sunkuya gare shi, domin wannan sunkuyon da ake maimaitawa dare da rana shi ne tushen ciwon bayan masu jego da yawa. Idan jini ya dawo ko wurin ɗinki ya fara ciwo bayan atisaye, ki dakata ki koma asibiti.

Tambaya: An yi mini hoton MRI, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, an ce faifan bayana ya turo. Na ga ana yin Pilates da wata na'ura mai kama da gado a wani wurin motsa jiki, amma kuɗin ya fi ƙarfina. Shin wanda ake yi a ƙasa zai wadatar? Daga wani ma'aikacin banki a Abuja.

Amsa: Malam, na'urar da ka gani ita ake kira Reformer, Joseph Pilates ne ya ƙirƙiro ta, gado ne mai zamewa gaba da baya wanda aka ɗaure da sifirin, ana ƙara masa ƙarfi ko a rage. Tana da amfani, musamman ga wanda ke bukatar tallafi a farkon farawa, amma tsarin na asali a ƙasa aka gina shi, kuma na ƙasan ya ishe ka. Da ka kashe kuɗinka a kan na'ura, gara ka biya zama biyu ko uku wurin likitan fisiyo mai rajista, a sashen fisiyo na asibitin koyarwa ko asibiti irin na ƙashi da ke Dala a Kano, ya gwada ka ya tsara maka abin da za ka ci gaba da yi a gida. Ina faɗin haka ne domin sunan Pilates ba mallakar kowa ba ne, wata kotu a Amurka ta yanke haka tun a shekarar 2000, saboda haka kowa na iya kiran kansa mai koyar da shi, wanda ya yi shekaru yana karatu da wanda ya yi kwas na kwana biyu.

Sakamakon hoton kuma kada ya karya maka zuciya. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya samu cewa kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya turo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84 ne. Abin da likita ke dubawa shi ne ko abin da hoto ya nuna ya dace da abin da kake ji. Idan zafin yana sauka ƙafa har ƙasan gwiwa, ka kauce wa atisayen sunkuyo da naɗe baya a makonnin farko, ka lura da motsin da ke janye zafin daga ƙafa yana mayar da shi ƙugu, domin wannan alama ce mai kyau, wanda ke tura shi ƙasa zuwa yatsu kuwa a bar shi.

Tambaya: Ni mai sikila ne, shekarata 23. Wata 4 ke nan ina jin ciwo a matsematsina na dama, har na fara ɗingishi. Abokina ya ce in gwada Pilates. Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ƙanena, kada ka fara kowane atisaye tukuna. Ciwon matsematsi da ɗingishi ga mai sikila yana iya zama alamar jini ya daina isa kan ƙashin cinya, inda yake shiga kwankwaso, kuma idan haka ta faru ƙashin yana mutuwa a hankali har ya lotse. A farkon lamarin hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa lafiya ƙalau, MRI ne ke nuna shi da wuri, kuma gano shi kafin ƙashin ya lotse shi ne ke ba likitoci damar ceto gaɓar. Ka je asibitin da kake ganin likitan sikila cikin wannan makon, ka gaya musu wata 4 ke nan, ka nemi a tura ka wurin likitan ƙashi. Kafin nan ka rage doguwar tafiya da ɗaukar kaya, ka bar ƙwallo da tsalle, ka yawaita shan ruwa, kuma idan an ba ka sandar dogarawa ka riƙe ta ba tare da jin kunyar abokai ba. Bayan an san matsayin ƙashin, likitan fisiyo zai iya ba ka wasu motsin da ake yi a kwance, masu kama da na Pilates, domin kwankwason kada ya sandare, amma shi ne zai zaɓa maka su da adadin da za ka riƙa yi.